Kundi da Allo: Tarihin Karatun Ƙwayar Sanƙarau

Tsakanin watan Fabrairu da na Afrilu akan yi wasu ranaku a birnin Yamai da mutum zai tsaya a Gaweye, bakin kogin Isa, ya dubi ƙetare bai ga Harobanda ba. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, sai ta nutse cikin hazo tun ba ta kai rabin kogi ba. Gaweye na cikin unguwannin farko da suka haɗu suka zama Yamai, kafin a tashe ta zamanin kuɗin uranium, a gina otel da babban zauren taro a gurbinta. Da an ɗan haura tudu daga nan sai Asibitin Ƙasa, kuma wannan tsakani na shekara, ƙarshen ɗari da shigar bazara, shi ne lokacin da iyaye mata ke sa ido a kan wuyan ƴaƴansu. Yaro ya kwana da zazzaɓi da ciwon kai, abin da uwa za ta fara yi shi ne ta duƙar da kansa ta ga ko haɓa za ta taɓa ƙirji. In wuya ya sanƙare, to ga sanƙarau, kuma daga nan sunan cutar ya fito.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai shi ne ƙwayar da ke haddasa annobar ba baƙuwa ba ce. Bakteriya ce, halitta ƴar mitsitsiya da ido ba ya gani, wadda masana ke kira Neisseria meningitidis, likitocinmu kuma su ce meningokok. Ba ta da gida a ruwa, ba ta da shi a ƙasa ko a jikin dabba. Maƙogwaron ɗan Adam kaɗai ne mazauninta, kuma a ko wane lokaci wajen mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da ita lafiya lau, bai ma san tana nan ba. Ranar da ta keta fatar maƙogwaro ta shiga jini, ta kai ga rufin ƙwaƙwalwa da laka, tana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya, ita ma kuma ta mutu tare da shi, domin daga cikin ƙwaƙwalwa babu hanyar da za ta bi ta koma ga wani. Me ke sa mai zaman lafiya ta rikiɗe ta ƙone gidan da take ciki? Tambayar ta rabu biyu: wace ce ita, kuma me take yi a daidai wannan sa'a? Ta farko ta ci fiye da shekara ɗari kafin a amsa ta. Ta biyu kuwa sai a ƴan shekarun nan aka sami kayan aikin tunkararta.

Zamanin ƙidaya da haruffa

A 1805 wani likita mai suna Vieusseux ya bayyana annobar a birnin Jeneba, a 1887 kuma Anton Weichselbaum ya ga ƙwayar a birnin Biyana, cikin ruwan da aka ɗebo daga gawarwakin majinyata. A ƙasashenmu, manyan rahotannin farko sun fito ne daga arewacin Najeriya a 1905, cikinsu har da na Zungeru, hedkwatar Turawan mulki ta lokacin. A farkon shekarun 1920 annobar ta sake tasowa, ta yi mummunar ɓarna a lardin Sakkwato da ƙasar da ke arewa da shi. Abin da likitan wancan zamani ke iyawa bai wuce ƙidaya ba: ya rubuta yawan waɗanda suka kamu, ya rubuta yawan waɗanda aka binne, ya hana kasuwa ci, ya jira ruwan sama.

Ƙidayar ba ta tafi a banza ba. A 1963 likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya tattara alƙaluman shekaru da dama ya fitar da su a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya, ya zana wani ziri na ƙasa kudu da Sahara, inda ruwan shekara ke tsakanin milimita 300 da 1,100, ya kira shi ɗamarar sanƙarau. Daga baya aka faɗaɗa ta, ta kama daga Senegal har Habasha, ƙasashe 26, Nijar kuwa tana tsakiyarta. Ya nuna abin da ko wane manomi ya sani amma ba a taɓa ɗorawa a kan taswira ba: cutar na farawa da rani, ta kai ƙololuwa da tsananin bazara, ta tsaya cak da faɗuwar damana, kuma bayan ƴan shekaru takan dawo da ƙarfin da ya fi na kullum. Lapeyssonnie ya faɗi inda abin ke faruwa da lokacin da yake faruwa. Dalili kuwa ya fi ƙarfin taswira.

Mataki na gaba shi ne ba wa ƙwayar haruffa. Meningokok na da wani rufi na sukari da take lulluɓe kanta da shi, irin lifidin barde, wanda ke hana garkuwar jiki kama ta a cikin jini. Saƙar lifidin ta bambanta daga iri zuwa iri, kuma da ita aka raba su kashi 12, shida daga ciki ne ke da alhakin kusan dukkan cuta: A, B, C, W, X da Y. Tsawon ƙarni na 20 harafin A ne sarkin ɗamarar. Wani reshensa da aka bi sawunsa daga ƙasar Sin zuwa Nepal ya bayyana a Makka lokacin aikin hajjin 1987, ya biyo alhazai zuwa Cadi da Sudan da Habasha, ya iso Nijar da annobar 1995 wadda ta kama fiye da mutum dubu 25. A 1996 ya faɗa wa arewacin Najeriya, inda aka ƙirga fiye da mutum dubu 100, fiye da dubu 11 suka rasu, kuma a cikin wannan ruɗani ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara wajen 200 a Kano, shari'ar da ta ɗauki shekaru. A faɗin Afirka, annobar 1996 da 1997 ta kama fiye da mutum dubu 250, ta kashe wajen dubu 25.

A Yamai, wurin da ke karanta waɗannan haruffa shi ne cibiyar CERMES. Ta fara ne a matsayin cibiyar binciken sanƙarau da tsargiya ƙarƙashin ƙungiyar yaƙi da manyan cututtuka ta ƙasashen yankin, a 2002 ta koma hannun Ma'aikatar Lafiya ta Nijar, kuma tana cikin gungun cibiyoyin Pasteur. Meningokok duk da mugun aikinta raguwa ce a wajen jiki: ruwan bayan da aka ɗebo a wani ɗakin shan magani na karkara, kafin ya iso Yamai cikin zafin mota, ƙwayar ta riga ta mutu, ba ta tsiro a kwanon gwaji. Daga 2002 cibiyar ta shigo da hanyar PCR, wadda ke gane ƙwayar daga ragowar rubutun gadonta ko da ta mutu. Da wannan ne aka gane a 2006 cewa harafin X, wanda ba a ɗauke shi a bakin komai ba kuma ba shi da rigakafi a lokacin, shi ne ke da kashi 51 cikin 100 na meningokok ɗin da aka tabbatar a ƙasar.

Kundin malam da allon ɗalibi

Kafin a ci gaba dole a koma baya, a kuma tsallaka zuwa Paris, domin abin da ake nufi da rubutun gado yana da nasa tarihi. A ƙarshen 1940, Jamusawa na riƙe da birnin, wani matashin masani mai suna Jacques Monod ya lura da wani abu a Sorbonne: in aka ba bakteriya sukari iri biyu a lokaci guda, sai ta cinye ɗaya tukuna, ta ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ta juya ga na biyu. Ashe tana da hanyar cin na biyun tun farko, amma ba ta fito da ita sai buƙata ta kama. Monod ya shiga sahun masu yaƙar mamaya a ɓoye, bayan yaƙi ya koma Cibiyar Pasteur, inda daga baya ya haɗu da François Jacob, wanda shi ma tsohon soja ne, ya yi aikin jinya da rundunar Faransa mai ƴanci a Cadi da Fezzan kafin a ji masa mummunan rauni a Normandi a 1944. Ɗaliban adabin Faransanci sun fi sanin Monod a matsayin aminin Albert Camus kuma marubucin Le Hasard et la Nécessité na 1970, amma abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1965, tare da Jacob da André Lwoff, ya fito ne daga wancan ɗan jinkiri na bakteriya.

Wanda ya yi makarantar allo zai fahimci abin da suka gano fiye da wanda bai yi ba. Malam na da kundi, cikakke, a naɗe cikin gafaka, ba ya fita daga ɗaki. Ɗalibi ba ya ɗaukar kundi. Abin da za a biya a ranar shi ake rubuta masa a allo, ya karanta, ya haddace, a wanke, a rubuta wani. Kundin ko wace halitta shi ne abin da ake kira ADN, waɗanda suka yi karatu da Ingilishi kuma su ce DNA: dogon zare ne da aka rubuta da haruffa huɗu kacal, an raba shi babi babi, ko wane babi, wato ƙwayar gado ɗaya, na ɗauke da umurnin ƙera furotin ɗaya. Allon kuwa shi ne ARN, ko RNA, kwafin babin da ake buƙata yanzu, wanda ake kai wa wasu ƴan injuna masu suna ribozom su ƙera furotin da shi. A 1961 aka tabbatar da samuwar wannan kwafi, aka kira shi ARN ɗan aike, kuma a cikin bakteriya ba ya wuce ƴan mintuna ake wanke shi. A shekarar ne Jacob da Monod suka bayyana cewa bakteriya takan jera babobin da ke aiki ɗaya kusa da juna a cikin kundi, ta kwafe su gaba ɗaya a kan allo guda daga mafari guda, kuma akwai wani furotin mai gadi da ke zaune a bakin mafarin yana hana kwafi har sai abin da ake jira ya iso. Wannan jeri suka kira operon. Na cin sukarin madara, wanda suka yi aiki a kansa, babi uku ne.

Ma'anar wannan ita ce sanin kundi dabam, sanin abin da ake karantawa dabam. Makarantu biyu na iya riƙe da kundi iri ɗaya, amma wanda ya leƙa allunansu da safe ya tarar wannan tana wani wuri, waccan tana wani.

Duk da haka kundin aka fara karantawa, domin shi ya fi haƙuri. Frederick Sanger ya fito da hanyar karanta haruffan ADN a 1977. A 1995, shekarar da Nijar ke binne ƴaƴanta, masana a Amurka suka kammala karanta kundin wata halitta mai zaman kanta daga farko har ƙarshe a karo na farko, kuma ita ma bakteriya ce mai haddasa sanƙarau ga jarirai, Haemophilus influenzae, mai haruffa wajen miliyan 1.8. A watan Maris na 2000 aka fitar da kundin meningokok har guda biyu: na harafin B, da na harafin A wanda Cibiyar Sanger ta Ingila ta karanta daga wata ƙwaya da aka samo a Gambiya a 1983. Haruffa miliyan 2 da dubu 184 da ɗoriya, babi sama da 2,100. Abin da ya fi ba masu karatun mamaki shi ne wata gajeriyar kalma mai haruffa 10 da ta maimaitu kusan sau 2,000 a cikin kundin. Alama ce, kamar shaidar da makiyayi ke yi wa dabbobinsa, wadda meningokok ke gane rubutun danginta da ita. In wata ƴar'uwarta ta mutu a maƙogwaro, guntayen kundinta suka watse, sai ta tsince su ta ɗinke a cikin nata. Ƙwaya ce mai aron shafi, kuma ba ta mayarwa.

Abin da ya faru a 2015

A watan Disamba na 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar. An ƙera ta a birnin Pune na Indiya domin harafin A, kuɗinta bai kai rabin dalar Amurka ba, wato wajen dala hamsin a lissafin kasuwar Yamai, kuma ta fi alluran da suka gabace ta da abu guda mai girma: ba kare wanda aka yi wa kawai take ba, tana korar ƙwayar daga maƙogwaro. Cikin ƴan shekaru sarkin ɗamarar ya ɓace kamar ba a yi shi ba. Wannan na cikin manyan nasarorin kiwon lafiya da Afirka ta gani, kuma bai kamata abin da ya biyo baya ya rage masa daraja ba.

A 2013 sai ga sanƙarau na harafin C a jihar Sakkwato, harafin da ya yi shekaru da dama bai tayar da annoba a yankin ba. A 2014 ya bayyana a Kebbi. A 2015 ya tsallako ta jahar Doso, ta Gaya da Dogon Dutsi, ya shigo Yamai. Daga Janairu zuwa ƙarshen Yuni an ƙirga mutum 9,367 da ake zaton sun kamu a ƙasar, 549 suka rasu. A watan Afrilu gwamnati ta rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki, wurin jinya na Lazaret ya cika, allura ta yi ƙaranci a duniya baki ɗaya, iyaye suka yi ta zarya a shagunan magani, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabun allurai da ke yawo a ƙasar. A rani na 2016 zuwa 2017 irin wannan ƙwaya ta kama fiye da mutum dubu 14 a Najeriya, galibi a Zamfara da Sakkwato da Katsina, ta kashe fiye da 1,100.

Da aka karanta kundinta sai aka tarar ba ta yi kama da ko wace C da aka sani a Turai ko Amurka ba. Sabuwa ce fil, aka ba ta lamba ST-10217. Daga ina ta fito? Amsar ta zo a 2018 daga wani ayarin masana na Norwe da Najeriya, cikinsu har da Dominique Caugant ta Oslo, wadda ta shafe shekaru tana bin zuriyar wannan ƙwaya. Da suka gwada kundin da sauran da ke ajiye, sai suka ga mafi kusa da shi na wata ƙwaya ce da aka samo a 2012 a maƙogwaron wani mai cikakkiyar lafiya a Burkina Faso, ƙwayar da ba ta da lifidi ko kaɗan, ba ta kuma da tarihin cutar da kowa. Abin da ya raba su shi ne shafukan aro: babobin saƙa lifidin C, da wasu ƴan babobi, cikinsu har da kundin wata siririyar birus mai zama cikin bakteriya, wadda aka daɗe da lura tana yawan kasancewa a jikin ire-iren da ke haddasa cuta. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Wadda ta rufe makarantun Yamai ba daga Makka ko Sin ta zo ba. Ƴar gida ce da ta tsinci kayan yaƙi.

Wannan amsa ce babba, amma ta rabin tambaya ce. Ko a tsakiyar annobar 2015, waɗanda ke ɗauke da ST-10217 a maƙogwaro suna yawonsu lafiya sun ninka waɗanda ta kwantar nesa ba kusa ba. Kundi ɗaya ne a wuyan yaron da ke wasa a tsakar gida da na ƙanensa da aka ɗauka a sume. Kundin kuma bai canza ba ranar da ruwan farko ya sauka cutar ta tsaya. Dole a koma ga allo.

Tattara alluna

Karanta ARN aiki ne mai wuya, musamman na bakteriya. Yana lalacewa cikin mintuna, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da aka tatso ba ɗan aike ba ne, ARN ne na ginin ribozom, wanda kullum rubutu ɗaya ke kansa, sai an tsame shi kafin a ga sauran. A shekarun 2000 an yi amfani da wasu faranti na gilashi da aka ɗiga wa guntayen babobin da aka riga aka sani, a ga wanne zai haska. Da irin wannan ne aka nuna a 2011 cewa in aka zuba meningokok cikin jinin ɗan Adam, cikin sa'a ɗaya da rabi wajen kashi 30 cikin 100 na babobinta na canza yawan kwafinsu: na neman ƙarfe da abinci da na kare kai su tashi, wasu su kwanta. Aibin farantin shi ne ba ya ganin abin da ba a ɗiga masa ba.

A 2008 sababbin injunan karatu, masu karanta miliyoyin guntaye a lokaci guda, suka ba da damar abin da ake kira RNA-seq, a 2009 kuma aka fara aiki da shi a kan bakteriya. Tsarinsa kamar a shiga makaranta da hantsi ne a ce kowa ya ajiye allonsa. A daskarar da ƙwayoyin nan take, a tatso ARN, a tsame na ribozom, a mayar da sauran zuwa ADN domin shi injin ke iya karantawa, a karanta guntayen, sannan kwamfuta ta mayar da ko wanne gurbinsa a kundi, ta ƙirga. Babin da guntaye dubu goma suka taru a kansa ana biyansa da ƙarfi. Wanda ba a sami ko ɗaya ba yana rufe. Kuma tun da ba a gaya wa injin abin da zai nema ba, yakan kawo har abin da ba wanda ya san da shi.

A 2010 Cynthia Sharma da Jörg Vogel a Jamus suka ƙara wata dabara. Allon da aka fara rubutawa daga ainihin mafari na da wata alama a kansa da guntun da ya karye daga tsakiya ba shi da ita. In aka sa wani sinadari ya cinye marasa alamar, abin da ya rage zai nuna daidai harafin da ko wane kwafi ke farawa. Suka gwada a kan Helicobacter pylori, ƙwayar gyambon ciki, suka sami mafari wajen 1,900. Sakamakon ya nuna zanen Jacob da Monod gaskiya ne, amma ya fi abin da ke ƙasa tsabta. Operon ɗaya na iya samun mafari na biyu a tsakiyarsa, ta yadda yau a kwafe shi duka, gobe a kwafe rabi. Kusan rabin babobin kuma ana kwafar su ta baya, a saɓanin hanyar karatu. Ga kuma wasu gajerun ARN da ba sa ƙera furotin ko ɗaya, aikinsu su manne a kan allon wani su hana a karanta shi ko su sa a wanke shi da wuri.

Da aka juyo da dabarar kan meningokok, a 2013 ta bayyana yadda wasu ire-irenta ke rubuta ƙananan ARN na tsarin CRISPR, wanda ke yanka baƙon ADN, wato dai mai aron shafi ma tana da mai gadin ƙofa da ke iya hana wani aron shiga. A 2017 masanan Würzburg suka fitar da cikakkiyar taswirar allunanta: mafari sama da 1,600 da gajerun ARN 65, yawancinsu ba a san da su ba a da.

Amma binciken da ya fi kusa da tambayar Lapeyssonnie ya fito ne daga Oxford a 2013, daga ɗakin gwajin Christoph Tang. Lifidi kaya ne mai nauyi, ba a kwana da shi. A maƙogwaro yana hana ƙwayar manne wa fata sosai, a cikin jini kuwa in babu shi ta halaka. To yaya take sanin lokacin ɗaura shi? Sai aka tarar kan allon da ke ɗauke da umurnin saƙa lifidi yana naɗewa ya rufe wurin da ribozom ke zama ya fara karatu. Cikin ɗan sanyin hanci, wanda bai kai zafin cikin jiki ba, naɗin na riƙe. Da zafi ya ƙaru zuwa digiri 37 da abin da ya fi, sai ya saki kamar kakin zuma a rana, karatu ya buɗe, lifidi ya yi kauri. Irin wannan ma'aunin zafi guda uku suka samu, duka a kan babobin da ke kare ƙwayar daga garkuwar jiki. Fassarar da suka bayar ita ce, idan mura ko wata cuta ta kawo zazzaɓi da kumburi a maƙogwaro, ƙwayar na ɗaukar zafin a matsayin ƙarar tambarin yaƙi, ta shirya domin ta tsira a inda take. Shirin nan kuma shi ne ke sa ta iya rayuwa in ta faɗa cikin jini. In haka ne, ba niyyar kisa ta fito da ita ba, tsoro ne.

Mai karatu a Yamai zai yi saurin haɗa wannan da bazara, kuma yana da hujja. A 2017 wani bincike da aka gina a kan alƙaluman CERMES na shekaru ya nuna cutar na ƙaruwa in zafin rana ya haura digiri 39.5 kuma ƙura ta yi yawa, ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga hamada, musamman kwarin Bodele na Cadi. Da aka shaƙa wa ɓeraye ƙura aka sa su cikin zafi, wata ƙwayar sanƙarau ta dabam, wato numokok, ta fi samun hanyar barin hanci ta shiga jiki. Sai dai a yi hattara da gaggawa. Zafin iska dabam, zafin maƙogwaro dabam, ɓera kuma ba yaro ba ne. Ƙura na iya yin aikinta ta hanyar tsattsage fatar hanci ba tare da ta taɓa allon ƙwayar ba. Cunkoson ɗaki da daren ɗari, da tari, da tafiye-tafiyen cin rani, duk suna da nasu kaso. Manyan taswirorin ARN da aka ambata kuma an zana su ne a kan ƙwayoyin da aka samo daga majinyatan Turai, aka raine su shekaru a kwanon gwaji, cikin ɗaki mai sanyi, a kan abincin da ba ya yankewa.

A nan ne tarihin ya tsaya a kan wani abu da ba na ilimi kaɗai ba. ADN na jure tafiya, shi ya sa tun zamanin Lapeyssonnie har zuwa 2015 hanyar ba ta canza ba: a ɗebi ruwan baya a Doso ko Maraɗi, a tantance harafi a Yamai, a aika ƙwayar Marseille ko Paris ko Oslo ko Atlanta a karanta zuriyarta. ARN ba ya yarda da wannan. Ƙwayar da ta kwana a hanya ta wanke allon maƙogwaro ta rubuta na kwalba, kuma abin da injin zai karanta a Turai labarin kwalbar ne. Wanda ke son sanin shafin da take biya a wuyan ɗan shekara bakwai a watan Afrilu, sai ya tsayar da ita a wurin, cikin mintuna, ya adana a sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, a birnin da ya dogara da wutar da ke zuwa daga Najeriya, wadda aka yanke a watan Agusta na 2023 ba a maido ba sai Maris na 2024. Ga kuma wahalar cewa a irin wannan samfuri ARN ɗin yaron ya ninka na ƙwayar sau ɗaruruwa, ko da yake tun 2012 aka fara tsara hanyar karanta allunan mai gida da na baƙo a tare.

Rigakafi bai jira wannan amsa ba, kuma daidai ne da bai jira ba. A watan Yuli na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabuwar allura daga kamfanin nan na Pune, wadda ta haɗa haruffa biyar: A, C, W, Y da X ɗin da ya addabi Yamai a 2006. Najeriya ce ta fara aiki da ita a Maris na 2024, Nijar ta biyo baya a shekarar, har da birnin Yamai. Allurar lifidi take nuna wa garkuwar jiki, saƙa biyar daga cikin shida masu haɗari. Ƙwayoyin da ba su da lifidi, irin wadda aka samu a Burkina Faso a 2012, ba ta ganinsu, kuma suna nan a maƙogwaron masu lafiya tare da alamarsu mai haruffa 10.